Lambar siriyal ɗaya a kwamfutoci da yawa: laifin kanel ne ko na BIOS?

Malam Nasiru, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Makarantar da nake kula da ɗakin kwamfutarta ta sayi kwamfutocin tebur na hannu guda 36, muka ɗora musu Debian, wani nau'in tsarin Linux, sai shugabar makarantar ta umarce ni da in buɗe rajistar kaya, kowace na'ura da lambarta, domin a gane idan wata ta ɓata ko an musanya ta. Takardun da ke manne a bayansu sun goge a mafi yawansu, don haka na rubuta ɗan gajeren sikirif, wato jerin umarni, da ke karanta fayilolin /sys/class/dmi/id/product_serial da /sys/class/dmi/id/product_uuid a kowace na'ura da izinin root, wato na babban mai kula da na'ura. Guda 14 sun ba ni lambobi daban-daban kamar yadda na zata. Sauran 22 kuwa duk abu ɗaya suka rubuto a gurbin siriyal, wato To Be Filled By O.E.M., kuma 19 daga cikinsu lambar UUID ɗinsu, wato doguwar lambar shaidar da ya kamata ta bambanta a kowace na'ura, ɗaya ce tak, 03000200-0400-0500-0006-000700080009. Ukun da suka rage ma babu fayil ɗin product_uuid a cikinsu sam. Shin kanel ɗin, wato zuciyar Linux da ke hulɗa da kayan na'ura, shi ne yake karanta wurin da bai dace ba, har ya kamata in sauya shi da sabo, ko kuwa ni ne na yi kuskure?

Usman, Farin Gada

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina hanya mafi tabbas ita ce a kewaye waɗannan fayiloli gaba ɗaya. Na karanta cewa bayanan suna zaune a cikin RAM daga adireshin 0xF0000, kuma idan kun yarda zan rubuta ƙaramin mojul na kanel, wato guntun manhaja da ake jona masa, a daren nan wanda zai je can kai tsaye ya ɗebo su, mu ga ainihin abin da ke wurin.

Malama Hadiza, Rikkos

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Usman ƙanena, himmarka ta burge ni, amma aikin da kake shirin yi an riga an yi shi, yana nan a cikin rubutun kanel, a drivers/firmware/dmi_scan.c, kuma zai fi maka amfani ka kwana kana karanta wannan fayil a kan ka kwana kana sake rubuta shi.

Abu na farko da ya kamata mu daidaita a kai shi ne cewa kanel ba ya auna waɗannan bayanai da kansa. Wanda ya ƙera ko ya haɗa na'urar shi ke rubuta su a cikin manhajar da ke zaune a madabod, wadda muke kira BIOS ko famwaya, ita kuma duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai ta shimfiɗa su a RAM bisa ƙa'idar SMBIOS, wadda ƙungiyar DMTF ke kula da ita. Sunan DMI da kuke gani a Linux tsohon suna ne da ya bi abin har yau. A tsofaffin na'urori kanel yakan bi yankin 0xF0000 zuwa 0xFFFFF, kilobait 64 ke nan, yana duba kowane bait 16 ko zai ci karo da alamar _SM_ ko _DMI_, wadda ita ce ƙofar shiga. A na'urorin UEFI kuwa, wato masu sabon tsarin famwaya, ba ya wannan lalube, domin famwaya ce da kanta ke miƙa masa adireshin ta cikin teburin EFI, kuma babu tabbacin cewa akwai komai a tsohon yankin. A 2015 SMBIOS 3.0 ta zo da sabuwar ƙofa mai alamar _SM3_ da adireshi mai bit 64, saboda tsohuwar adireshinta bit 32 ne, kuma tsawon teburin da za ta iya bayyanawa bai wuce bait 65,535 ba. Mojul ɗinka, Usman, zai iya dawowa hannu rabbana a kan na'urar da lafiyarta ƙalau.

Shi teburin kansa jerin sassa ne, kowane sashe yana farawa da bait huɗu: ɗaya na nau'i, ɗaya na tsawo, biyu na lambar shaidar sashen. Nau'i na 0 bayanin BIOS ne, na 1 na kwamfutar baki ɗaya, na 2 na madabod, na 3 na akwatin, na 4 na furosesa, na 17 na kowane sandan RAM, na 127 kuma shi ke rufe teburin. Sunaye da lambobin siriyal ba a cikin jikin sashen suke ba. A bayansa ake jera su, kowanne ya ƙare da bait sifili, jerin duka ya ƙare da sifili biyu, shi kuwa jikin sashen lamba kawai yake riƙewa da ke nuna rubutu na nawa ne. A nau'i na 1, bait ɗin da ke matsayi na 7 shi ke nuna siriyal, sannan UUID ya biyo baya da bait 16 cur. Akwai lissafin tantancewa, inda jimillar bait ɗin dole ta ba da sifili, amma ƙofar shiga kaɗai yake rufewa, bai shafi abin da ke cikin teburin ba, balle ya tabbatar da gaskiyarsa.

Malam Nasiru, don Allah ku gwada abu biyu a kan ɗaya daga cikin 22 ɗin. Ku ba da umarnin dmidecode -t 1, sannan ku buɗe /sys/firmware/dmi/tables/DMI da hexdump -C ku duba da idonku. Wannan fayil ɗin ɗanyen teburin ne, wanda kanel ke fitarwa tun daga Linux 4.2 ba tare da ya taɓa ko bait ɗaya ba.

Malam Nasiru, Anguwan Rogo

Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi duka biyun bayan an tashi ɗalibai, kuma gani ya kori ji, rubutun nan yana nan ɓaro-ɓaro a cikin ɗanyen teburin, har sau da yawa, a gurbin sunan kamfani da na samfuri da na siriyal. Don in ƙara natsuwa na sa tsohon faifai mai Windows a na'ura ɗaya na ba da umarnin wmic bios get serialnumber, shi ma abin da ya nuna ke nan. Na janye zargin da na yi wa kanel. Sai dai matsalata tana nan, domin har yanzu ba ni da abin da zan rubuta a rajista.

Usman, Farin Gada

Na karɓi gyara a kan mojul, Anti Hadiza, amma ban gamsu cewa kanel ba shi da nasa alhakin ba. Kowa ya san wannan rubutu ba lambar siriyal ba ne, umarni ne da aka bar wa mai haɗa na'ura cewa ya cike gurbin, shi kuma bai cike ba. Me zai hana kanel ya gane shi ya mayar da fayil ɗin fanko, ko ya ƙi ƙirƙirarsa? Faci ne na layi goma, kuma da an yi shi da Malam bai ɓata mako guda yana zargin kansa ba. Na ga tsarin da ya san abu ba daidai ba ne amma ya miƙa shi haka nan a matsayin tsarin da ya gaza.

Injiniya Bala, Bukuru

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin zancen, kuma a nan ne nake so in sa baki, domin wannan tunani na Usman na taɓa yin irinsa ina saurayi, sai da aiki ya raba ni da shi.

Waɗanda suka zauna gaban malaman hadisi sun san bambancin mai riwaya da mai tantance riwaya. Amanar mai riwaya ita ce ya faɗi abin da ya ji yadda ya ji shi, ko da a ransa yana ganin akwai rauni, domin da zarar ya fara gyara lafazi bisa ra'ayinsa, ya toshe wa mai tantancewa hanya. Matsayin kanel a kan teburin famwaya ke nan. Da a ce ya goge rubutun, Malam Nasiru zai ga fanko ne kawai, ba zai san ko BIOS ɗin ne bai rubuta komai ba, ko teburin ne ya lalace, ko kanel ɗin ne ya share. Rubutun da ya ba shi haushi shi ne ya gaya masa ainihin abin da ya faru da na'urorinsa.

Kuma kada ka ɗauka waɗannan bayanai don rajista kawai ake karanta su. Kanel da kansa ya dogara da su tun farkon tashinsa. A cikin direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da kayan na'ura, akwai ɗaruruwan jadawalai da ke cewa idan sunan kamfani kaza ne kuma samfuri kaza ne, to wannan na'ura tana da lahani kaza, a bi da ita ta hanya kaza. Da su ake gyara kibod ɗin da ke maƙalewa, da hasken sikirin da ya ƙi raguwa, da na'urar da ba ta iya sake tashi sai an bi wata hanya ta daban. Ana rubuta su da DMI_MATCH, wanda ke neman guntun rubutu a cikin filin, ko DMI_EXACT_MATCH wanda ke buƙatar daidaito harafi da harafi, kuma sharuɗɗa huɗu kaɗai kowace shigarwa ke iya ɗauka, sannan dmi_check_system ya bi jadawalin. Abin da zai ba ka mamaki shi ne akwai ƙananan kwamfutocin hannu waɗanda aka ɗora musu sikirin a tsaye alhali a kwance ake riƙe su, kuma masu ƙera su ba su rubuta komai ba sai Default string. Masu kanel ba su sami abin kamawa ba sai wannan rubutun kansa, suka haɗa shi da ranar BIOS da girman sikirin, da haka hoton yake juyowa daidai. Idan ka share abin da kake kira shara, ka juya wa mutane sikirin a gefe.

Usman, Farin Gada

Ranka ya daɗe, wannan na fahimta. To a bar shi a ciki don amfanin direbobi, a tace abin da ake fitarwa ta /sys kaɗai.

Injiniya Bala, Bukuru

Shi ma ba zai yiwu ba, ɗana, saboda dalili biyu. Abin da ke /sys alkawari ne tsakanin kanel da manhajojin da ke samansa, kuma sanannen abu ne cewa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ba ya lamuntar canjin da zai karya manhajar da ke aiki. Fayil ɗin modalias da ke cikin wannan kundi, wanda ke farawa da dmi:bvn, da shi udev, manhajar da ke kula da kayan da aka jona, ke gane na'ura ya daidaita maɓallan kibod na musamman, kuma systemd-detect-virt yana duba sunan kamfani a nan don ya gane ko a cikin kwamfutar kwaikwayo yake. Dalili na biyu shi ne jerin rubutun bogi ba shi da iyaka. Yau To Be Filled By O.E.M., gobe Default string, jibi System Serial Number ko 123456789 ko None, kuma kowane sabo sai an jira sabon kanel. A sikirif ɗin Malam layi ɗaya ne zai ƙara cikin minti guda. Ko manyan kamfanoni ma ba su cika filayen iri ɗaya ba, Lenovo alal misali a product_name lambar nau'in na'ura take sawa, irin 20L5, sunan da kowa ya sani kamar ThinkPad T480 kuma yana product_version. Wanda zai yi hukunci a kan irin wannan shi ne mai amfani da bayanan, domin shi ya san abin da yake nema.

Malama Hadiza, Rikkos

Na yarda da Injiniya a kan asalin magana, amma da izininku zan ɗan yi gyara, domin cewa kanel ba ya tace komai ba cikakkiyar gaskiya ba ce, kuma amsar na'urori ukun Malam Nasiru tana nan. Ƙa'idar SMBIOS ta ware ma'ana ga UUID iri biyu: idan duk bait 16 ɗin 00 ne, babu lambar a na'urar, idan kuma duk FF ne, babu ita a yanzu amma ana iya sa ta. Kanel yana duba waɗannan biyun, idan ya same su ba ya ajiye komai, fayil ɗin product_uuid kuma ba ya bayyana. Haka nan rubutun da ba komai a cikinsa sai tazara, fanko yake ɗaukarsa. Ke nan yana tace abin da ƙa'ida ta bayyana ƙarara cewa babu ne, yana barin abin da sai an yi hasashe. Ita lambar da ke farawa da 03000200 a tsari ingantacciya ce, shi ya sa ta wuce.

Akwai wani tarko kuma da zai iya kama mai rajista. Daga SMBIOS 2.6 aka fayyace cewa sassa uku na farkon UUID ana ajiye su ne ƙaramin bait a gaba, kanel kuma yana duba sigar teburin kafin ya yanke yadda zai jera su. Saboda haka a kan tsohuwar na'ura manhajoji biyu za su iya nuna lamba ɗaya da haruffan farko a jirkice, mutum ya zaci na'urori biyu ne. Malam, ku tsaya a kan hanyar karatu ɗaya, kada ku gauraya.

Bitrus, Terminus

Barkanku da yamma. Ni gyara nake yi shekara da shekaru, kuma abin da Malam Nasiru ya gani kullum muna ganinsa a kan benci. Kwamfutar da babban kamfani ya haɗa tun daga masana'anta takan zo da siriyal na gaskiya, su ne 14 ɗinku. Sauran kuwa haɗi ne, wani ya sayi madabod daban, akwati daban, ya ɗaure su, shi kuma mai ƙera madabod bai san wace kwamfuta za a yi da shi ba, sai ya bar gurbin. Amma ku duba board_serial, domin wani lokaci madabod ɗin yana da nasa siriyal ko da na kwamfutar babu.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka, wato lambar da ta yi kyau a ido amma ba ta na'urar ba ce. Idan madabod ɗin laftof ya ƙone muka ciro na wata muka sa, siriyal ɗin waccan ne zai riƙa fitowa, takardar da ke ƙasan na'urar kuma tana faɗin wani abu daban. Har lasisin Windows ma yakan bi madabod, domin tun daga Windows 8 ana ajiye shi a wani teburin ACPI mai suna MSDM, wanda a Linux za ku gan shi a /sys/firmware/acpi/tables. Cibiyoyin gyara na kamfanoni suna da manhajar da suke sake rubuta siriyal da ita bayan sun canza madabod, mu a kasuwa yawanci ba mu da ita.

Malam Nasiru, Anguwan Rogo

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ta tunani. Tunda gurbin a buɗe yake kuma na'urorin namu ne, me zai hana in nemi irin wannan manhaja in rubuta wa kowace lambar makaranta a cikin BIOS ɗinta, a huta gaba ɗaya?

Bitrus, Terminus

Malam, ina ba ku shawara kada ku yi. Rubutu ne a cikin guntun da BIOS ke zaune, kuma idan manhajar ba ta dace da madabod ɗin ba, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na'urar za ta iya ƙin tashi har sai an ciro guntun an sake rubuta shi da na'ura ta musamman. Kun san halin wutarmu, kuma sau 22 za ku yi wannan kasada. Sannan ni a shagona ba na canza siriyal ko nawa za a biya, domin na sha ganin masu neman haka ba su iya nuna takardar saye. Na san ku ba haka ba ne, amma hujja ce a kan cewa abin da za ku iya rubutawa wani ma zai iya gogewa, don haka ba zai kare ku daga mai musanya kaya ba.

Malama Hadiza, Rikkos

Ina goyon bayan Bitrus. Wanda yake so ya ga sauƙin abin ya tayar da kwamfutar kwaikwayo da QEMU ya ƙara -smbios type=1,serial= da duk abin da ya ga dama, kanel ɗin da ke ciki zai karɓa ba musu. Don rajista, Malam, ku tara shaidu da yawa daga wurare mabambanta: board_serial idan akwai, adireshin MAC na katin sadarwa da ke /sys/class/net, siriyal ɗin faifai da lsblk -o NAME,SERIAL ke nunawa, da abin da dmidecode -t 17 ya faɗa a kan sandunan RAM, waɗanda su ne aka fi saurin zarewa. Sai ku ba kowace na'ura lambar makaranta, ku rubuta ta da fenti a jikin akwati. Tambaya ɗaya kuma, ɗaya bayan ɗaya kuka ɗora Debian ko kwafin faifai ɗaya kuka yi? Idan kwafi ne ku duba /etc/machine-id, lambar shaidar da Linux ke ba kowace na'ura. Kuma rajistar nan kada a bar ta a kwamfutar da ɗalibai ke amfani da ita, domin ba banza kanel ya taƙaita karanta fayilolin siriyal da UUID ga root kaɗai ba.

Malam Nasiru, Anguwan Rogo

Kwafi na yi da Clonezilla, Malama, kuma yanzu na duba, duk 36 ɗin machine-id ɗinsu ɗaya ne, wannan kuwa aikin hannuna ne ba na BIOS ba. Na share shi a kowace, har da kwafinsa na /var/lib/dbus, na ba da umarnin systemd-machine-id-setup, sun rabu. A cikin 22 ɗin, 15 suna da board_serial na gaskiya kamar yadda Bitrus ya faɗa, sauran bakwai na dogara da MAC da faifai. Na'urori ukun kuma na duba su da hexdump, biyu duk FF ne, ɗaya duk 00. Na ƙara wa sikirif ɗin jerin rubutun bogi, idan ya ci karo da ɗaya yana rubuta babu a rajista, amma yana ajiye ainihin rubutun a wani gurbi na gefe. Fentin sai ranar Asabar.

Usman, Farin Gada

Na karanta dmi_scan.c jiya kamar yadda kuka ce, Anti, na ga wurin da ake duba 00 da FF, na kuma ga inda ake haɗa layin nan na Hardware name da ke fitowa idan kanel ya gamu da babbar matsala. Har yanzu ina ganin ya kamata a sami wuri ɗaya da ake tara jerin rubutun bogi maimakon kowa ya rubuta nasa, amma na yarda ba a cikin kanel ba. Malam, idan za ku ba ni ɗanyen teburin na'ura ɗaya da dmidecode --dump-bin, ina so in rubuta ƙaramar manhajar da za ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya in gwada fahimtata.

Malam Nasiru, Anguwan Rogo

Zan ba ka, amma ba a nan zauren ba, tunda fayil ɗin yana ɗauke da siriyal ɗin madabod da na RAM. Ka zo makaranta ranar Asabar bayan Azahar da filashinka, ka taya ni fenti, sai ka ɗauki na ɗaya daga cikin 14 ɗin da na ɗaya daga cikin ukun.